Irin Nonon Kaka

A da akwai wata ƙwarya a gidanmu na unguwar Hindawiyya, a Jidda, da sabulu bai taɓa shiga cikinta ba. Baƙa ce, an ɗinke ta wuri biyu, kullum tana can ƙasan firij an rufe ta da faifai. A cikinta irin nono yake kwana. Ga wanda bai san sana'ar ba, iri shi ne ɗan ragowar nonon jiya da ake zubawa a madarar yau don ta kama. Cokali ɗaya ya isa ya juya tukunya guda. Gobe kuma a ɗebi na yau a ajiye, haka nan abin yake tafiya.

Kaka, mahaifiyar Inna, ita ta zo da shi daga Damagaram, a ƙafa, ta Chadi da Sudan. Shekarunta nawa a hanya, ba ta taɓa faɗin adadi ɗaya sau biyu ba. Ta ce inda ta samu madarar shanu ta zuba, inda ta samu ta awaki ta zuba, inda babu ko ɗaya sai ta jiƙa tsumma a ciki ta shanya, ta ƙulle a bakin zane. Ko duka gaskiya ne ko Kaka ta ɗan ƙara gishiri, ban sani ba. Ni dai na tashi na tarar duk unguwa an yarda da haka, kuma bayan rasuwarta Inna ta ci gaba da riƙon irin kamar yadda ake riƙon maraya.

A Jidda ba mu da shanu, da madarar gari ake yi. Inna ta kwaɓa ta da ruwan zafi, ta bar ta ta huce, ta zuba iri, ta rufe. Bayan la'asar ta zauna a ƙofar gida tana dama fura. Mutanen Nijar da na Chadi su taho daga wuraren aikinsu, su tsuguna, su sha, wani ya lumshe ido ya ce yau ya je gida ya dawo. Nonon Inna yana da wani ɗan tsami mai taushi da laban, wato nonon kanti, ba shi da shi. Mata kan zo da kofi su roƙi iri, kuma ba a sayar da shi, ba a hana shi. Wannan kyautar ita ce tsaronsa: in na Inna ya lalace da zafi, sai ta aika gidan da ta ba su a ɗebo mata. Shi ya sa bai taɓa yankewa ba.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta faɗin sunana. Da ina yaro "kai wannan" nake, da na haifi 'ya na samu ƙarin girma na zama "Baban yarinya". Aikina a mina yake, wato tashar jiragen ruwa, wurin wani mai fitar wa 'yan kasuwa da kaya. Ni ke yawo da takardu daga wannan taga zuwa waccan. Na iya Larabci, na san wane ma'aikaci ne ba a yi masa magana kafin ya sha shayi, kuma a ganina wannan ilimi ne babba.

Shekarar da tashar nukiliya ta fashe a tsohuwar tarayyar Rasha, ina da shekara talatin. Da farko labarin rediyo ne, can nesa, ba ruwanmu. Bayan 'yan watanni sai ya zo mana a takarda. Aka ce iska ta kwashi gubar ta zuba a kan ciyawar ƙasashe da yawa, shanu sun ci, ta shiga madara. Don haka duk abincin da ya taso daga wancan ɓangaren sai ya zo da shaidar cewa an gwada shi, nan ma kuma sai an sake gwadawa. Larabawa suna kiran abin ish'a. Ba ya da wari, ba ya da launi, harshe ba ya jin sa. Ni wannan ne ya fi ba ni tsoro, don duk abin da na sani na lalacewar abinci, hanci ne ke fara faɗa.

Aka buɗe wani ɗakin gwaji. Ma'aikaci ya zo sito ya ɗebi samfur daga buhuna, ya rufe ya buga tambari, ni kuma in bi shi da takardu. A ɗakin akwai wani mutumin Sudan, dogo, mai furfura a gefen kai, wanda muke kira Ustaz. Shi ke zuba garin a wani kwano, ya saka cikin wata tukunyar dalma mai kauri, ya rufe, ya zauna yana jiran lamba ta fito. In lambar ba ta kai iyakar da aka sa ba, kaya su wuce. In ta haura, a shafa wa buhunan jan fenti, a ware su gefe har jirgi ya mayar da su inda suka fito. 'Yan kasuwa suna zuwa su yi ta rantsuwa, Ustaz ya saurare su tsaf, ya kira mutum irin kiran 'yan Sudan, ya ce, "Ya zol, na'urar ba ta jin Larabci."

Zaman jira ne mai tsawo, kuma ina tsintar magana ɗaya-ɗaya. Kafin wata biyu na zama malamin ish'a na Hindawiyya. A bakin masallaci ake tare ni a tambaye ni ko a sayi cuku, ko shayin nan lafiya yake. Ni kuma in gyara tsayuwa in yanke hukunci. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi ƙwarai.

Ƙanen Inna, Kawu, ɗan dako ne a minar. 'Yan dako suna da wata al'ada da ta girmi kowace takarda: buhun da ya ɓarke a wurin sauke kaya, nasu ne. Ba sata ba ce a wurinsu, kuma masu kayan ma sukan kau da kai, don ɓarkakken buhu ba ya sayuwa. Shinkafa, sukari, gari, duk Kawu ya sha kawo wa Inna. Waɗanda suka tsara gwajin sun tuna da jirgi, sun tuna da sito, sun tuna da ƙofa. Ba su san da ɓarkakken buhu ba, don ba su taɓa ɗaukar kaya a ka ba.

Wata Laraba na dawo bayan la'asar, na leƙa kicin neman ruwa. A bayan ƙofa na ga buhun madara an ɗaure bakinsa da igiya, ga jan fenti a gefensa. Na san fentin, a gabana aka shafa shi. Na juyo sai ga 'yata, tana da shekara uku, ta riƙe ludayi da hannu biyu, fura har haɓa.

Ban san lokacin da na fizge ludayin ba. Ta fashe da kuka. Inna ta shigo daga ƙofar gida, Kawu na biye da ita, don ranar ya zo shan fura.

"Inna, tun yaushe buhun nan yake gidan nan?"

"Tun Asabar. Kawunka ya kawo. Lafiya?"

Na juya kan Kawu. Abin da na faɗa masa ranar, har yau in na tuna sai na ji kunya. A gaban yayarsa, a gaban matata, masu shan fura suna ji daga waje, na ce masa jahilci ya fi guba kisa. Mutumin da ya goya ni a wuya.

Ya ce a hankali, "Ɗana, abinci ne fa. Fari tas. Na ɗanɗana, ba abin da ya same shi. Ni'ima ce, haram a bar ta a ƙasa ana takawa."

Inna ta ce, "Ai kuma da tafasasshen ruwa nake kwaɓawa."

Na ce wuta ba ta kashe shi, kuma a nan gaskiya na faɗa. Aka yarda za a fitar da buhun, a zubar da nonon ranar. Sai Inna ta buɗe firij ta ɗauko ƙwaryar, ta ce bari ta kai ta maƙwabta kafin a gama share kicin, gobe ta sayi madarar kanti ta ci gaba.

Na ce, "Da wace madara kika yi wannan irin?"

Ta dubi buhun.

"Inna, cokali nawa kike zubawa tukunya ta kama?"

"Ɗaya."

"To haka shi ma. Ya riga ya shiga. Na gobe zai ɗauka daga na yau, na jibi daga na gobe, har abada. Duk wanda ya sha, ya sha."

Ban ji wannan daga bakin Ustaz ba. Ni na ƙirƙiro shi a tsaye a nan, kuma da zuciya ɗaya na yarda da shi. A gidanmu muka tashi muna ganin cokali ɗaya yana mallake tukunya, to me zai hana mugun abu ya yi haka? Da na kawo mata maganar lambobi da na'ura, da Inna ta yi gardama har magariba. Amma da sana'arta na kama ta, ba ta da inda za ta bi. Ta dubi yarinyar da ke kuka, ta dubi ƙwaryar, ta miƙo mini da hannu biyu.

Na juye shi a magudana. Na sa sabulu da soso da ruwan zafi na dirje ƙwaryar har baƙinta ya fara tashi. Inna ba ta tsaya kallo ba, ta shiga ɗaki. Kawu ya saka takalminsa ya tafi bai yi sallama ba.

A lokacin Alhamis da Juma'a ne hutu, ɗakin gwaji a rufe. Inna ta yi kwana biyun nan tana bin gidaje. Abin takaici, a makon nan ta yi rabon iri sosai, don zafi ya kashe na mutane da yawa, waɗanda nasu bai mutu ba ma sun karɓi madarar buhun, tunda Inna ba ta iya cin abu ita kaɗai. Gida gida ta shiga ta ce a zubar, Baban yarinya ya ce a zubar. Suka zubar. Ranar Juma'a bayan an sauko, dattawa suka yi ta sa mini albarka. Wani ya ce da ba don ni ba da an gama da unguwa. Na sunkuyar da kai irin na mai tawali'u, cikina kuwa fal da jin daɗi.

Gida ɗaya ya rage. Wata tsohuwa a unguwar Bani Malik, ƙawar Kaka, da suka haɗu tun a hanyar Sudan. Ta aiko an kai mata iri ranar Talata. Ba ta da tarho, kuma wurin da nisa. Na ce wa Inna ta bari sai Asabar, in na taso aiki da motar maigidana in kai ta.

Asabar da safe na ɗora buhun a mota na kai wa Ustaz, na faɗa masa komai. Bai yi faɗa ba. Ya rubuta takarda, ya ce dole a san yadda buhun ya fita, amma bai tambayi sunan kowa ba. Ya zuba garin a tukunyar dalma muka zauna. Na tambaye shi batun 'yata.

Ya ce, "Kwana huɗu? Kwantar da hankalinka, ya zol. Iyakar nan an sa ta ne don mai sha kullum, wata da watanni. Daidai ne da kuka daina, amma yarinyarka lafiya lau, in sha Allahu."

Sanyin da na ji ya sake mini baki. Na shiga ba shi labarin yadda na ceci unguwa, yadda na gano abin zai bi ta iri, yadda aka zubar gida gida. Ya sa na maimaita masa yadda ake yin irin. Ya fara murmushi, sai ya dubi fuskata ya daina.

Ya jawo kofuna uku ya cika su da ruwa. Ya ɗebi cokali ɗaya na shayinsa ya zuba a na farko, ruwan ya ɗan sauya. Ya ɗebi cokali daga nan ya zuba a na biyu, da ƙyar ake ganewa. Daga na biyu ya zuba a na uku, ya ɗaga mini shi wajen taga. Ruwa ne kawai.

"Irin kakarka mai rai ne, shi ya sa yake hayayyafa ya cika tukunya. Wannan abin ba shi da rai, ba ya haihuwa. Abin da ya shiga cokali shi ke nan, kullum raguwa yake. Da kun sayi madara mai kyau kun zubar da na kwana biyu ko uku, halas, shi ke nan, ko na'urata ba za ta gan shi ba." Ya ajiye kofin. "Duka kuka zubar?"

Na ce saura gida ɗaya.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. To yalla, ka hanzarta."

Da rana na iso gida na tarar Inna ta shirya, ta yafa mayafi tana jirana a ƙofa. Muka kama hanyar Bani Malik. Jimla ɗaya ce tak ake bukata, kuma tana bakina tun daga mina. A kowace danja na ce in ta ba da hannu zan faɗa. Amma sai in ga fuskar Kawu yana saka takalmi. In ga matan da suka juye kofunansu saboda maganata, da dattawan bakin masallaci. In na faɗa, na zama wanda ya zagi kawunsa da jahilci alhali shi ma jahilin ne, sai dai shi da takardu a hannu. Sai na fara lallashin kaina: wa ya sani, ko Ustaz ma bai gama sani ba, ai zubarwar ta fi zama lafiya. Na san ƙarya nake yi wa kaina, ina tuƙi ina sane.

Tsohuwar tana zaune a ɗan tsakar gidanta. Inna ta gaishe ta ta yi mata bayani. Ta sa aka ɗauko kofin, ɗan ƙaramin kofin silba da murfi. Ta buɗe ta shinshina.

"Yanzu wannan kaɗai ya rage a duk Jidda?"

"Shi kaɗai, Iya."

"To ni da ƙafata ɗaya ke kabari, me zai yi mini? Ku bar mini abina. Ba zan ba kowa ba, wallahi. Ni da uwarki muka tsallako teku da shi."

Inna ta juyo ta dube ni. Ban taɓa ganin ta dube ni haka ba, kamar mai roƙon alƙali. Ba sai na ce na yi kuskure ba ma, da na ce a bar wa tsohuwa abinta ya isa.

Na ce, "Iya, a zubar."

Ita da kanta ta tashi da sandarta, ta je gindin bango, ta yi bisimilla ta juye. Ta tsaya tana kallo har ƙasa ta shanye.

Washegari Inna ta sayo laban a kanti ta yi iri da shi. Nono ya kama, fari, mai kauri, ba abin da za a ce ya yi. Masu shan fura suka ci gaba da zuwa, amma ban ƙara jin wani ya ce ya je gida ya dawo ba. Bayan 'yan shekaru ta ce gwiwoyinta sun gaji, ta daina. Kawu ya yi wata shida bai taka gidanmu ba, sannan wata rana ya zo kamar ba a yi komai ba, har ya rasu bai tayar da maganar ba. A mina kuwa aka sa doka, kayan da aka shafa wa ja ana kulle su a keɓe, ko ɓarkakke ne ba mai taɓawa. Takardar Ustaz ce ta jawo haka, kuma doka ce mai kyau.

Na daɗe ina juya abin a raina. Masu gwajin ba su yi kuskure ba, na'urar ba ta yi ba. Sun tsare ƙofa iyakar saninsu. Amma daga ƙofar mina zuwa kicin ɗin Inna ba na'ura, ba Ustaz, ni kaɗai ne, da rabin abin da na tsinta. Kuskuren Laraba ina iya yafe wa kaina, tsoro ne na uba. Na Asabar ne ya ƙi kwanciya.

Shekara ashirin da biyar bayan haka, mun koma unguwar Madain Fahd, teku ta afka wa wata tashar nukiliya a Japan. Na riga na bar mina, amma tsofaffin abokan aiki suka ce an koma gwajin kaya. Wata safiya ina zaune a ɗakin Inna, talabijin na nuna hayaƙi. Ta tsufa sosai, idonta ya yi rauni, amma kunnenta ras. Ƙwaryar tana gefen gadonta, ta yi fari ta bushe, a ciki take ajiye carbi da magunguna.

Ta ce, "Baban yarinya, abin nan ne ya dawo? Ka gaya wa 'yarka ta kula da madarar yaranta."

Na rage sautin talabijin. Na faɗa mata duka: kofuna uku, maganar Ustaz, da cewa tun kafin mu shiga mota na sani. Ban ƙawata ba, ban nemi mafaka ba. Ina da shekara hamsin da biyar, amma ban iya ɗaga ido na dube ta ba.

Ta ɗauko ƙwaryar, tana shafa ɗinkinta da babban yatsa.

"Na ga fuskarka a mota ranar," ta ce. "Duk hanya ina satar kallonka. Na ɗauka tausayina kake ji, har na yi ta daurewa don kada in ƙara maka."

Na ce, "Inna, ki yafe mini."

"Na yafe. Da kawunka ka roƙa, shi ya tafi da ita a ciki." Ta mayar da ƙwaryar wurinta. "Ni yanzu ɗanɗanon ma ya ɓace mini. Ina nema a bakina, ba na samu. Kai kana tuna shi?"

Na ce ina tunawa. Kuma gaskiya ne, ba ranar da na manta.

Ta ce, "To, a wurinka kaɗai ya rage ke nan." Ta miƙo hannu in ba ta ruwa ta sha magani.